Telmo Zarra: Gwanin cin ƙwallo da duniya ba ta sani sosai ba

An haifi Telmo Zarra a shekarar 1921 a garin Erandio da ke yankin Basque na ƙasar Spaniya, ya kuma rasu a birnin Bilbao a watan Fabrairun 2006.

Ya shafe shekaru 15 yana buga wa ƙungiyar Athletic Bilbao wasa, daga 1940 zuwa 1955, inda ya yi fice wajen cin ƙwallo da ka.

A wannan lokaci ya ci ƙwallaye 251 a gasar La Liga, kuma sau shida yana zama wanda ya fi kowa cin ƙwallo a kakar wasa. Babu wanda ya zarce wannan adadi sai a shekarar 2014, lokacin da Lionel Messi ya karɓe kambin.

Zarra ya buga wa ƙasarsa wasanni 20, ya ci ƙwallaye 20. Wadda aka fi tunawa ita ce wadda ya zura wa Ingila a filin Maracana a gasar cin kofin duniya ta 1950, wadda ta fitar da Ingilan daga gasar.

Sai dai duk da wannan bajinta, sunansa bai yi amo a wajen Spaniya ba, domin ya yi zamaninsa ne kafin talabijin ya yaɗu, kuma ya bar Athletic a shekarar da aka soma gasar zakarun Turai.

Tun daga 2006, jaridar Marca ke bayar da kyauta mai sunansa ga ɗan Spaniyan da ya fi cin ƙwallo a La Liga.