Norman Borlaug, Baturen Da Ya Gajarta Alkama

Tarihin wani Bature nake so in ba ku, wanda ya rasu tun ban yi wayo ba. Amma kafin in shiga sai na faɗi abin da ya haɗa ni da shi, don kada ku ce me ya kai ɗan Kwaciri gonar alkama a Amurka.

Mahaifina wake yake saye da sayarwa a kasuwar Dawanau. Ƙanensa kuwa, watau Baffana, manomi ne a ƙauyenmu. Gab da faɗuwar daminar bara sai Baffa ya zo gidanmu da 'yar jakar irin wake da ya samu wurin malamin gona, ya ce tsutsa ba ta cin sa. Da Baba ya ji cewa irin nan ne da aka sauya wa ƙwayoyin halitta, sai ya ce kada a kawo masa ko tiya ɗaya, domin ya ji ana faɗi a kasuwa wai yana hana haihuwa, wai kuma wanda ya shuka shi ba ya sake samun irin kansa. Suka yi ta musu har tuwo ya huce, Baffa ya koma gida bai kwana ba. Abin ya dame ni ƙwarai, don da waken nan ake biya mini kuɗin makaranta. Na kai maganar wurin malaminmu na kimiyyar noma, shi kuwa ya ƙi gaya mini mai gaskiya a cikinsu, sai ya ce in je in nemi tarihin Norman Borlaug tukuna.

An haifi Borlaug ran 25 ga watan Maris na 1914 a wata gona kusa da garin Cresco a jihar Ayowa ta ƙasar Amurka. Kakanninsa daga ƙasar Norwe suka yi ƙaura. Makarantar da ya fara yi aji ɗaya tak gare ta, in an tashi kuwa sai gona da kiwo. Gwanin kokawa ne tun yana yaro. Da ya nemi shiga Jami'ar Minesota ya faɗi jarrabawar shiga, sai ta wani ƙaramin sashe aka karɓe shi (wannan ya ɗan sanyaya mini rai, ni da lissafi ya sha kayar da ni). Lokacin nan tattalin arzikin Amurka ya karye, a birnin ne ya fara ganin manyan mutane suna yawo da yunwa a titi, abin da bai taɓa gani a ƙauyensu ba. Ilmin gandun daji ya fara karantawa, ya gama a 1937. Sai wata rana ya saurari laccar wani shehun malami, Elvin Stakman, a kan cutar tsatsa mai kashe alkama. Daga nan ya koma nazarin cututtukan shuke-shuke, ya sami digirin dakta a 1942.

A 1944 ya bar aiki mai albashi mai tsoka a kamfanin DuPont, ya tafi ƙasar Meksiko, inda gwamnatin ƙasar da Gidauniyar Rockefeller suka haɗa gwiwa don gyara noma. Ya tarar da tsatsa ta gama da gonakin alkama, ƙasar kuwa sayo alkama take yi daga waje. Manoman ba su yarda da shi ba, ga shi bai iya harshensu ba, ga rashin kayan aiki.

To, a nan ne aikinsa ya fi ba ni mamaki. Furen alkama shi yake yi wa kansa barbara. In ana so a aurar da iri biyu, sai mutum ya duƙa cikin rana da matsefata a hannu, ya buɗe ɗan furen nan, ya tsince sashen namijin kafin ya nuna, sa'an nan ya ɗebo garin furen wani irin ya zuba, ya rufe zangarniyar da takarda. Haka ya yi ta yi shi da samarin da ya koya wa aikin, har suka yi aure irin wannan wajen 6,000 cikin shekara goma, mafi yawansu kuwa ba su haifar da abin kirki ba. Da ya ga jiran shekara guda kafin a ga sakamako ɓata lokaci ne, sai ya ce a riƙa shuka sau biyu: da sanyi a kwarin Yaki na jihar Sonora inda ake ban ruwa, da damina kuma a kan tsaunukan tsakiyar ƙasar, tafiyar sama da kilomita 1,000. Kamar dai a ce mutum ya yi noman rani a Kadawa, ya kwashe irin ya kai Jos ya shuka da damina. Masana na lokacin suka ce iri yana bukatar hutu bayan girbi, shugabansa ma ya hana, har Borlaug ya ajiye aiki, sai da Stakman ya shiga tsakani. Ashe wannan kai-da-kawo wata riba ce da shi kansa bai zata ba, domin irin da ya rayu a wuraren biyu ya zama bai damu da tsawon yini ko gajartarsa ba, ana iya shuka shi a ƙasashe da yawa. Zuwa 1956 Meksiko ta wadatar da kanta da alkama.

Sauran matsala guda. Alkamar dā doguwa ce mai siririn kara, in an ba ta takin zamani sai kai ya yi nauyi, iska na kaɗawa ta kwanta. A 1953 ya sami wani gajeren iri na ƙasar Japan mai suna Norin 10 ta hannun wani masani, Orville Vogel. Ya yi shekaru yana aurar da shi da nasa masu jure tsatsa, har a 1962 aka fitar wa manoma gajeriyar alkama mai kaurin kara, wadda ke zuba ƙarfinta a ƙwaya maimakon tsawo. A 1963 abin da Meksiko ta girba ya ninka na 1944 sau shida.

Ana cikin haka yunwa ta tasar wa Indiya da Pakistan. Wani masanin Indiya, M. S. Swaminathan, ya sa aka gayyace shi a 1963. A 1965 aka yi lodin iri daga Meksiko, ya iso daidai lokacin da yaƙi ya ɓarke tsakanin ƙasashen biyu, amma haka aka shuka shi. Da aka ga yadda ya yi, Indiya ta sayo tan 18,000 na iri a 1966, Pakistan kuma tan 42,000 a 1967. Alkamar Indiya ta tashi daga kimanin tan miliyan 12 a 1965 zuwa miliyan 20 a 1970. A girbin 1968 har makarantu aka rufe a wasu wurare don a zuba alkama a azuzuwa, saboda rumbuna sun cika. A 1970 aka ba shi lambar Nobel ta zaman lafiya. Yana gona matarsa Margaret ta kai masa labari, ya ɗauka zolaya ce.

Kada in ɓoye muku ɗaya gefen. Gajeriyar alkama ba ta yin abin kirki sai da taki da ruwa, saboda haka mai kuɗi da rijiya ya riga talaka cin moriyarta. A yankin Punjab na Indiya an yi ta zuƙo ruwan ƙarƙashin ƙasa har ya yi nisa, an kuma bar tsofaffin iri da yawa na kaka da kakanni. Wata 'yar Indiya, Vandana Shiva, ta yi shekaru tana sukarsa a kan haka. Shi kuwa ra'ayinsa shi ne masu sukar ba su taɓa kwana da yunwa ba. A ganina amsar nan ta yi zafi, domin ruwan Punjab da ya ja baya gaskiya ne, kamar yadda cikar rumbunan ma gaskiya ce.

Bayan ya yi ritaya sai yunwar Habasha ta 1984 ta sa wani attajirin Japan, Ryoichi Sasakawa, ya roƙe shi ya juyo Afirka. A 1986 suka kafa shirin Sasakawa Global 2000 tare da tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter. Shirin ya shigo Nijeriya a 1992, ofishinsa kuwa a nan Kano aka kafa shi. Dabararsu ita ce a yanki wani sashe a gonar manomi, a shuka sabon iri a jikin nasa na dā, shi da kansa ya yi aikin, ya gani da idonsa. A Afirka abin bai yi gudu kamar na Indiya ba, saboda rashin hanyoyin mota da tsadar taki da ƙarancin ban ruwa.

Yanzu ga inda tarihin ya haɗu da musun gidanmu. Alkamar Borlaug ba a sauya mata ƙwayoyin halitta ba, aure ne tsakanin alkama da alkama. Sai daga 1996 aka fara noma amfanin gona da yawa wanda aka ɗauko ƙwayar gado daga wata halitta dabam aka dasa masa. Borlaug ya goyi bayan wannan hanya har ƙarshen ransa, yana ganin ci gaba ne na aikin matsefatarsa, ya kuma ji haushi ƙwarai da ƙasar Zambiya ta ƙi karɓar tallafin irin wannan masara a 2002 alhali ana yunwa. Ya rasu ran 12 ga watan Satumba na 2009 a birnin Dallas yana da shekara 95, shekara goma kafin fitowar waken da ya raba Baba da Baffa.

Waken nan sunansa SAMPEA 20-T, a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, aka yi aikinsa, aka fitar da shi a watan Disamba na 2019 bayan hukumar kula da irin waɗannan abubuwa, wadda aka kafa a 2015, ta ba da izini. Akwai wata tsutsa da masana ke kira Maruka, tana shiga cikin fure da kwanson wake inda feshi ba ya kai mata sosai, in ta yi yawa takan cinye har kashi 80 cikin 100. An ɗauko ƙwayar gado guda daga wata ƙwayar halitta da ke zaune cikin ƙasa, wadda ake taƙaita sunanta da Bt, aka sa wa waken, yana yin wani sinadari da ke lalata hanjin tsutsar. Masu binciken sun ce feshi ya ragu daga sau shida ko takwas zuwa sau biyu. Wake kuma shi yake yi wa kansa barbara kamar alkama, don haka manomi yana iya ajiye irinsa ya sake shukawa. Maganar hana haihuwa kuwa, manyan ƙungiyoyin masana kimiyya da suka bi diddigin amfanin gona mai Bt shekara da shekaru ba su ga haka ba.

Duk da haka ban ga laifin Baba ba. Mutumin da ke zaune a ƙasar Fagge bai manta da 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana. Yara 200 aka sa cikin gwajin, 11 suka rasu. Kamfanin bai amsa laifi ba, amma ya yi sulhu da gwamnatin Kano a 2009. Wanda ya ga wannan dole ya yi tambaya in an ce masa ga sabon abu daga waje. Har wa yau akwai tambayoyin da suka fi na kasuwa nauyi. A Indiya tsutsar auduga ta saba da audugar Bt har ta koma cin ta, kamar yadda wata sabuwar tsatsa da aka gano a Uganda, aka raɗa mata suna Ug99 a 1999, ta karya garkuwar alkama iri-iri tun Borlaug yana raye. Sabon waken kuma ba ya hana ƙwaro ci bayan an zuba shi a buhu, alhali maganin da ake barbaɗa wa wake a rumbu shi ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya a 2015. Ga kuma batun mai saye, wanda a ganina yana da haƙƙin a gaya masa abin da ke cikin kwano. Da aka fitar da masarar TELA a 2024 musun ya ƙara zafi, har Majalisar Wakilai ta nemi a yi bincike.

Na zauna na karanta wa Baba duk wannan bayan sallar isha. Ya yi shiru ya daɗe, sa'an nan ya tambaye ni labarin yankin gonar nan da ake shuka iri biyu gefe da gefe. Da Baffa ya zo gaisuwar Sallah suka shirya a kan cewa bana zai shuka sabon waken a kunya ashirin daga gefen gabas, sauran gonar kuma namu na gado, kada a haɗa su wajen roro ko sussuka. Baba ya ce zai saya, amma a buhu dabam, kuma duk wanda ya zo awo sai ya gaya masa ko wanne ne. Ni aka ɗora wa riƙe littafi. Da an ba mu dogon hutu zan tafi ƙauye in riƙa rubuta ranar kowane feshi da kuɗin maganin da aka kashe, in an yi sussuka kuma in ƙirga tiyoyin da kowane gefe ya bayar.