William Baffin: ya auna tekun ƙanƙara, ya mutu kusa da mu

Daren jiya ɗana ya shimfiɗa taswirar makaranta a ɗakinmu nan Al-Naseem, ya ɗora yatsa can sama tsakanin Kanada da Girinlan, yana so in gaya masa wane ne Baffin da aka sa wa teku sunansa. Na ba shi labarin a gurguje, shi ne na ce bari in kawo muku shi, don ƙarshen mutumin nan kusa da mu ya faru.

Ba'ingile ne, kuma ga dukkan alamu ɗan talakawa, wanda ya koyi lissafin taurari da auna hanya a teku. A 1612 ya yi jagoran jirgi zuwa Girinlan, inda aka kashe kyaftin ɗinsu, James Hall. A wancan zamanin 'yan kasuwar Landan hanya suke nema ta saman Amurka zuwa Sin da Indiya. Su suka zuba kuɗi, aka tura jirgin Discovery a 1615 da 1616, Robert Bylot ne kyaftin, Baffin jagora.

Wannan lungun teku ba ƙarami ba ne. Faɗinsa kusan murabba'in kilomita 689,000, wato kamar kashi uku cikin huɗu na Najeriya, zurfinsa a tsakiya ya wuce mita 2,000. Ƙofarsa ta kudu mashigin Davis ne. Yawancin shekara ƙanƙara ce ke rufe shi, ga tsaunukan ƙanƙara da ke ɓallewa daga Girinlan suna yawo. Ruwa mai ɗan ɗumi yana hawa arewa ta gefen Girinlan, mai sanyi kuma yana gangarowa ta gefen Kanada, shi ya sa ɓangaren gabas yake fara buɗewa. Ta nan suka bi a 1616 har suka kai digiri 77 da minti 45 arewa. Sai da aka yi shekara 236 kafin wani jirgin Turawa ya wuce wurin a wannan teku.

Ya ga mashigai uku, ya sa musu sunayen masu kuɗin tafiyar: Smith, Jones da Lancaster. Ya koma gida ya ce babu hanya. To a nan ya yi kuskure, domin mashigin Lancaster shi ne ƙofar da ake nema, kuma Edward Parry ya shiga ta cikinsa a 1819. Ni dai ban ga laifinsa ba. Ƙanƙara ya tarar a bakin wurin, mutanensa kuma ciwo ya fara kama su.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda aka yi da aikinsa. Samuel Purchas, wanda ya buga labarin tafiyar, ya bar taswirar da jadawalin awo a waje saboda tsadar bugawa. Da haka aka fara shakka, har wasu masu zana taswira suka share tekun kwata-kwata. Sai a 1818 John Ross ya je ya tarar da wuraren kamar yadda Baffin ya bayyana su.

Shi kuwa tuni ya canza wurin neman abinci. A 1617 ya kama aiki da kamfanin Ingila mai ciniki da Indiya, ya je Surat, ya shiga Bahar Maliya har Moka ta Yaman. A Janairun 1622 Ingilishi suka haɗa kai da Farisawa suka kewaye ganuwar 'yan Fotugal a tsibirin Kishm, bakin mashigin Hormuz. Aka tura shi ya auna tsayin katangar da nisanta saboda masu harba igwa. Yana cikin awon ne harsashi ya same shi a ciki, ya mutu nan take.

Na nuna wa yaron Kishm a taswira. Daga Riyad tazarar ba ta kai tsawon ɗan yatsansa ba.