Mus'abu Ɗan Umairu, Mai Tuta A Ranar Uhudu

Sayyidina Mus'abu ɗan Umairu, Allah Ya yarda da shi, Baƙuraishe ne daga Banu Abdiddari, watau gidan da ke riƙe da tutar yaƙin Ƙuraishawa da mabuɗin Ka'aba. Ya tashi cikin daula, babu saurayin da ya fi shi kyawun tufa da ƙanshin turare a Makka. Da ya musulunta a gidan Arƙamu sai ya ɓoye al'amarinsa, har ran da Usmanu ɗan Ɗalha, wanda suke dangi ɗaya, ya gan shi yana salla ya kai labari gida. Aka tsare shi, mahaifiyarsa ta janye masa duk wani gata. Daga bisani ya kuɓuta ya yi hijira zuwa Habasha, sa'an nan ya komo.

Bayan mubaya'ar Aƙaba ta farko, cikin 621 Miladiyya, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aike shi Madina ya koya wa mutane Alƙur'ani. A lokacin kuwa Ausu da Hazraju ba su daɗe da zubar da jinin juna a yaƙin Bu'asu ba, har ma wani ɓangare ba ya yarda ya bi wani salla, sai Mus'abu ke yi musu limanci. Wata rana Usaidu ɗan Hudairu ya zo masa da mashi cikin fushi. Mus'abu ya roƙe shi ya zauna ya saurara, in bai gamsu ba za a rabu da shi. Usaidu bai tashi ba sai da ya musulunta, Sa'adu ɗan Mu'azu kuma ya biyo bayansa. Da shekara ta kewayo, maza 73 da mata 2 suka zo mubaya'a ta biyu.

Shi ya riƙe tutar Musulmi a Badar, shi ne kuma a Uhudu, cikin Shawwal na shekara ta 3 bayan Hijira. Abin tausayi, tutar Ƙuraishawa ma tana hannun danginsa, a cikinsu har da mahaifin Usmanu ɗan Ɗalha, wanda aka kashe a ranar. Sa'ad da maharba suka bar dutse, yaƙi ya juya, Mus'abu ya dake yana kāre Manzon Allah har Ibnu Ƙami'a ya kashe shi. Ba a sami abin yi masa likkafani ba sai mayafi guda, in an rufe kai ƙafafu su fito, in an rufe ƙafafu kai ya fito. Aka rufe kansa, aka sa ciyawar izhiri a ƙafafunsa. Musulmi wajen 70 suka yi shahada tare da shi.

Ba a manta da su ba. Shekara 8 bayan haka, daf da wafatinsa, Manzon Allah ya yi musu addu'a irin ta mai bankwana. Abdurrahmanu ɗan Aufu kuwa, bayan wadata ta zo, an taɓa kawo masa abincin buɗa baki, ya tuna mayafin Mus'abu, ya yi ta kuka har ya kasa ci.

Amma wannan tunawa ba ta zama gaba ba. A shekara ta 6 aka ƙulla sulhun Hudaibiyya. A ta 8 aka buɗe Makka aka yi wa mutanenta afuwa, aka kuma mayar da mabuɗin Ka'aba hannun Usmanu ɗan Ɗalha, wanda a lokacin ya riga ya musulunta.

To, haƙƙin waɗanda suka kwanta dama a fagen fama shi ne a yi musu addu'a, a riƙe marayunsu da matan da suka bari, a kuma tsare zaman lafiyar da suka ba da rayukansu dominta. Allah Ya jiƙansu, Ya kashe wutar fitina, Ya zaunar da mu lafiya, amin.