Armand Peugeot, Mai Fijo

Mu 'yan Wurno, Rabah da Goronyo mun tashi muna cewa Fijo, amma ban taɓa jin direba ya ambaci mai sunan ba. Armand Peugeot Bafaranshe ne, an haife shi a 1849 a gidan maƙeran zarto da injin niƙan kofi. Shi ya ja gidan zuwa ƙera kekuna, sannan a 1889 ya fito da mota mai ƙafa uku, mai aiki da tururi. Ba ta yi armashi ba, sai ya koma injin fetur na Daimler.

Nan fa rigima ta tashi. Ɗan uwansa Eugène gani yake mota asarar kuɗi ce kawai. Armand ya ware a 1896, ya kafa nasa kamfanin, ko a ci ko a sha ƙasa. Sai a 1910 gidan ya sake haɗewa. Ya rasu a 1915.

Bai ga 504 ba, balle wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna, inda aka buɗe masana'anta a 1975. Faransa ta daina yin salun ɗinta a 1983, Kaduna ta ci gaba abinta. Ni dai a-kori-kurarta na fi girmamawa, mai buɗaɗɗen baya, wadda ta sha kwasar albasar Goronyo zuwa Sakkwato.