Malam Aminu Kano: Malamin da Ya Koya wa Talaka Darajar Ƙuri'arsa

Duk ma'aikacin da ke zirga-zirga a unguwar Wuse II da ke Abuja ya san titin Aminu Kano, wanda bankuna da otal-otal da manyan shaguna suka cika gefensa. Mai wannan suna kuwa ya riƙe muƙamin kwamishinan tarayya na tsawon shekara bakwai, amma ya bar duniya a cikin wani madaidaicin gida a unguwar Gwammaja, ba tare da wata dukiyar a zo a gani ba. Tarihinsa na da abin lura ga duk wanda ke aikin hukuma a yau.

An haifi Malam Aminu a unguwar Sudawa cikin birnin Kano ranar 9 ga Agusta, 1920, a zuriyar Fulani Gyanawa, waɗanda suka shahara da ilimin shari'a. Mahaifinsa, Malam Yusufu, mufti ne a kotun alƙali, don haka tun yana yaro ya ga yadda ake yanke wa talaka hukunci. Ya yi karatun allo a gida, ya shiga makarantar Shahuci da Midil ta Kano, sannan ya wuce Kwalejin Kaduna, wadda ake kira Barewa a yanzu. Daga nan aka tura shi koyarwa a Midil ta Bauci, inda ya haɗu da Malam Sa'adu Zungur. Su biyun suna cikin waɗanda suka raya dandalin muhawara da ya fara tuhumar hukumar En'e a bainar jama'a.

A 1946 ya tafi Landan ƙaro ilimin koyarwa. Bayan dawowarsa ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa a 1948, aka kuma ba shi shugabancin makarantar horon malamai ta Maru a lardin Sakkwato. A 1950 wasu matasa takwas suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, kafin ƙarshen shekarar kuma Malam ya ajiye aikin albashi ya rungumi siyasa. Ya zama shugaban jam'iyyar a 1953.

Babban abin da NEPU ta sa a gaba shi ne rage ƙarfin En'e. A wancan zamani kotunan alƙalai da 'yan doka da gidajen yari duk suna hannun hukumar gargajiya, kuma doka ba ta yarda lauya ya tsaya wa kowa a waɗannan kotuna ba. Saboda haka wanda ya kama mutum, da wanda ya yi masa shari'a, da wanda ya tsare shi, duk ubangidansu ɗaya ne. 'Yan NEPU da dama sun sha ɗauri da bulala bisa tuhumar yin taro ba izini ko zagin sarauta. Malam ya yi ta kira da a raba shari'a da mulki, yana kafa hujja da Alƙur'ani da koyarwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, abin da ya sa abokan hamayyarsa suka kasa gamsar da jama'a cewa maƙiyin addini ne.

Haka ya yi gwagwarmaya a kan zaɓe. A 1951 ana zaɓe ne hawa-hawa, kuma En'e na da ikon cusa nata mutane a matakin ƙarshe. NEPU ta yi rawar gani a matakan farko a Kano, amma ta tashi ba kujera ko ɗaya a majalisar Kaduna. Malam ya nace a kan zaɓen kai tsaye, cikin sirri, da bai wa matan Arewa 'yancin jefa ƙuri'a, fafutukar da Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri a kanta. Shi kansa ya faɗi zaɓe a 1954 da 1956, sai a 1959 ya ci kujerar Kano ta Gabas a Majalisar Wakilai.

Bayan ƙirƙiro jihohi 12 a 1967, Janar Yakubu Gowon ya naɗa shi kwamishinan sadarwa, daga 1971 zuwa 1974 kuma ya riƙe ma'aikatar lafiya. A wannan tsakani ne aka karɓe kotuna daga hannun En'e aka mayar da su ƙarƙashin gwamnatocin jihohi, aka kuma haɗe 'yan doka da 'yan sandan Nijeriya. Matan Arewa sun fara jefa ƙuri'a a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976. Buƙatun da aka ɗaure mutane saboda su sun zama doka yana raye, ko da yake a hannun soja suka tabbata.

A Jamhuriya ta Biyu ya jagoranci PRP. Hukumar zaɓe ta FEDECO ta nemi hana shi takarar shugaban ƙasa bisa batun takardun haraji, ya garzaya kotu, ta kuma ba shi gaskiya. Ya zo na huɗu a zaɓen 1979 da kimanin kashi 10 cikin 100 na ƙuri'u, amma jam'iyyarsa ta ci Kano da Kaduna. Gwamna Abubakar Rimi da Gwamna Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. Kano ta kafa hukumar ilimin manya a 1980, ta kuma mayar da 1 ga Mayu ranar hutun ma'aikata, kafin gwamnatin tarayya ta bi sahu a 1981.

Wannan nasara ba ta daɗe ba aka samu ɓaraka. Gwamnonin biyu sun ƙi bin umarnin jam'iyya na daina zama da gwamnonin adawa, PRP ta rabe gida biyu, Santsi da Taɓo. Majalisar Kaduna, wadda NPN ke da rinjaye a cikinta, ta tsige Balarabe Musa a Yunin 1981. Har yanzu masana na saɓani a kan wanda ya fi laifi a rikicin, kuma wasu na ganin sassaucin da Malam ya nuna wa gwamnatin Shagari ya raunana tafiyar. Yana shirin sake tsayawa takara ne Allah Ya yi masa rasuwa ranar 17 ga Afrilu, 1983, aka binne shi a gidansa.

Gidan, wato Mambayya, yanzu cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce ta Jami'ar Bayero. Filin jirgin saman Kano da asibitin koyarwa na birnin suna ɗauke da sunansa. Dokokin da ya yi wa fafutuka suna nan, amma aiwatar da su na hannun ma'aikata: mai tsare akwatin zaɓe, da magatakardan kotu, da wanda takardar kuɗin asibiti ko albashin malamai ke kwana a teburinsa. Allah Ya jiƙan Malam, Ya kyautata makwancinsa.