Mary Seacole (1805–1881): Mai Jinyar da Aka Ƙi Ɗauka

Gabatarwa

A ƙarshen shekarar 1854, wata mata mai kimanin shekara hamsin ta yi ta kai-komo tsakanin ofisoshin hukuma a birnin Landan, tana neman a tura ta fagen yaƙin Kirimiya domin ta yi jinyar sojojin Birtaniya. Tana riƙe da takardun yabo daga waɗanda suka ga aikinta, ta kuma yi fama da annobar kwalara a ƙasashe biyu. Duk da haka babu wanda ya ɗauke ta. Sai ta biya kuɗin jirgi daga aljihunta, ta tafi. Wannan mata ita ce Mary Seacole, 'yar ƙasar Jamaika, wadda ta gaji ilimin magani daga mahaifiyarta.

Asalinta da Tasowarta

An haife ta a shekarar 1805 a birnin Kingston na tsibirin Jamaika, aka raɗa mata suna Mary Jane Grant. Mahaifinta soja ne daga Sikotland, yana aiki a rundunar Birtaniya. Mahaifiyarta kuwa 'yantacciyar mace ce mai jinin Afirka, wadda ke da gidan saukar baƙi mai suna Blundell Hall.

A wancan zamani Jamaika tana ƙarƙashin mulkin Birtaniya, kuma arzikinta ya dogara ne a kan gandayen rake da bayi ke nomawa. Yawancin waɗannan bayi daga Afirka ta Yamma aka kwaso su ko iyayensu. Mary ba a haife ta cikin bauta ba, amma 'yantattu irinta ba su sami cikakken haƙƙi a gaban doka ba sai a 1830. Bautar kanta ba ta ƙare gaba ɗaya a tsibirin ba sai a 1838. Ke nan ta haura shekara talatin tana ganin ana saye da sayar da mutanen da suka haɗa jini da ita.

Mahaifiyarta tana cikin wani rukunin mata da suka shahara a Jamaika wajen ba da magani. Sun haɗa sanin saiwoyi da ganyaye da kakanninsu suka zo da shi daga Afirka da abin da suka koya a tsibirin, suna kuma ba da muhimmanci ga tsabta da iska mai kyau da abinci mai gina jiki. Sojoji da ma'aikatan jiragen ruwa da zazzaɓi ya kayar, gidajen waɗannan mata suke zuwa jinya. A irin wannan gida Mary ta buɗe ido. Tun tana ƙarama take kwaikwayon mahaifiyarta, tana ɗaure wa 'yar tsanarta ciwo, daga baya ta koma gwaji a kan karnuka da kyanwoyi. Tana da kimanin shekara 12 ta fara taimakawa wajen kula da marasa lafiya na gaske.

Aure da Jarrabawa

Mary mace ce mai son tafiye-tafiye da fatauci. Tun tana budurwa ta je Landan sau biyu, ta kuma ziyarci Kyuba da Haiti da tsibiran Bahamas tana saye da sayarwa. A watan Nuwamba na 1836 ta auri wani Bature mai suna Edwin Seacole, suka buɗe kanti a garin Black River. Mijin ba shi da ƙoshin lafiya, kasuwar ma ba ta yi albarka ba, sai suka dawo Kingston.

Daga nan jarrabawa ta yi ta zuwa mata a jere. A 1843 babbar gobara ta cinye wani ɓangare na Kingston har da gidan mahaifiyarta. A 1844 mijinta ya rasu, mahaifiyarta ma ba ta daɗe ba ta bi shi. Mary ta sake gina gidan, ta ci gaba da sana'ar da ta gada, ba ta kuma sake yin aure ba. Da annobar kwalara ta auka wa Jamaika a 1850, ta kashe dubban mutane, Mary tana cikin waɗanda suka tsaya a kan marasa lafiya.

Zamanta a Panama

A 1851 ta tafi garin Cruces da ke Panama wurin ɗan'uwanta Edward, wanda ke da masauki a kan hanyar masu zuwa neman zinariya a Kalifoniya. Ba ta daɗe da isa ba kwalara ta ɓarke a garin, ga shi babu ƙwararren likita. Nauyin ya faɗo a kanta. Masu hali ta karɓi kuɗinsu, talakawa kuwa ta yi musu kyauta. Ta yi amfani da ruwan kirfa da aka tafasa, da manna ƙullin mastad a jiki, da wasu magungunan Turawa na zamanin waɗanda a yau aka san suna da illa. Ita da kanta ta amsa cewa ta tafka kurakurai a farko. Don ta fahimci yadda cutar ke aiki a cikin jiki, har ta buɗe gawar wani jariri maraya da ya mutu a hannunta, ta duba. Daga bisani ita ma ta kamu, amma ta tashi.

A Panama ne ta yi arba da wariyar launin fata irin ta Amurkawan wancan lokaci. A wurin wata liyafa, wani Ba'amurke ya miƙe yana yabonta, sai ya ƙara da cewa abin takaici ne da ba farar fata ba ce, kuma da akwai yadda za a wanke fatarta ta yi fari da sun yi. Mary ta mayar masa da martani a gaban jama'a cewa ba ta buƙatar wankin, kuma ko da ta fi haka baƙi, amfaninta da mutuncinta ba za su ragu ba. Da za ta koma gida, matan da ke cikin wani jirgin ruwan Amurka suka ƙi yarda ta zauna tare da su, dole ta jira jirgin Birtaniya. A 1853 tana Jamaika, inda hukumomin soja suka nemi ta kula da jinyar masu zazzaɓin shawara a barikin Up-Park.

Yaƙin Kirimiya

A 1854 Birtaniya da Faransa suka shiga yaƙi da Rasha domin mara wa Daular Usmaniyya baya. Cuta ta fi harsashi ɓarna a wannan yaƙi: cikin sojojin Birtaniya kimanin 21,000 da suka mutu, fiye da 16,000 kwalara da atini da zazzaɓi da makamantansu ne suka kashe su. Wasu daga cikin rundunonin da aka tura, Mary ta san su tun a Jamaika.

Lokacin da ta fara neman aikin a Landan, Florence Nightingale ta riga ta tashi da mata 38 masu jinya a watan Oktoba. Mary ta je ofishin yaƙi, ta je wurin masu ɗaukar rukuni na biyu, ta je wurin masu asusun tallafa wa sojoji, ko'ina aka sallame ta. Ta faɗa a littafinta cewa a ranar ta tsaya a bakin titi tana hawaye, tana tambayar kanta ko launin fatarta ne ya jawo haka.

Sai ta haɗa jari da wani ɗan'uwan mijinta, Thomas Day, ta kama hanya a farkon 1855. Ta ya da zango a asibitin Scutari da ke Turkiyya, ta gana da Nightingale, ta kwana guda, ta wuce Balaklaba. A can ta shafe makonni a bakin tashar jiragen ruwa tana ba raunanan sojoji shayi, tana gyara musu ɗaurin rauni kafin a ɗora su a jirgi. Bayan haka ta gina masauki da tarkacen katako da kwano a kan hanyar zuwa Sebastopol, ta sa masa suna British Hotel. Tana sayar da abinci da kayan masarufi ga hafsoshi, tana kuma ba da magani ga duk wanda ya zo, ko da ba shi da abin biya. Ta hana caca a wurin, tana rufewa da ƙarfe takwas na dare.

A ranakun gumurzu takan ɗora kaya a kan alfadarai ta nufi bakin daga da magunguna da tsummokin ɗaure rauni. Ta halarci harin Redan a watan Yuni na 1855 da yaƙin Chernaya a watan Agusta, inda ta taimaki raunana har da na Rasha. Saboda haka sojoji suka riƙa kiranta Uwa Seacole.

Bayan Yaƙi

Da aka ƙulla sulhu a watan Maris na 1856, sojoji suka watse, suka bar ta da kaya jibge da basussukan da ba a biya ba. Ta koma Ingila hannu wofi, kotu ta tabbatar da karayar arzikinta a watan Nuwamba. Tsofaffin sojoji da jaridu suka tashi nema mata taimako. A watan Yuli na 1857 aka shirya bikin kwana huɗu a Landan domin tara mata kuɗi, dubban mutane suka halarta, amma abin da ya kai hannunta kaɗan ne domin kamfanin da ya shirya bikin shi ma ya karye.

A wannan shekara ta fitar da tarihin rayuwarta mai suna Wonderful Adventures of Mrs Seacole in Many Lands, wanda William Howard Russell, wakilin jaridar The Times a fagen yaƙin, ya rubuta wa gabatarwa. A cikinsa ta nuna alfahari da jinin Sikotland na mahaifinta, ta kuma nuna alfahari da dangantakarta da bayin da Turawa suka mallaka. Ta rasu a Landan ranar 14 ga Mayu, 1881, aka binne ta a maƙabartar Katolika ta Kensal Green.

Mantuwa da Tunawa

Bayan rasuwarta sunanta ya ɓace a Ingila kusan shekara ɗari. Mata masu jinya na Jamaika ne suka raya shi. A 1954 ƙungiyarsu ta sa wa hedikwatarta sunanta, a 1973 aka gyara kabarinta, a 1984 aka sake buga littafinta. A 2004 ta zo ta ɗaya a wata ƙuri'ar jama'a ta fitattun baƙaƙen fata a tarihin Birtaniya, a 2016 kuma aka kafa mutum-mutuminta a harabar asibitin St Thomas da ke Landan.

Wannan karramawa ta jawo muhawara. Wasu masana suna ganin an zuzuta ta, domin ba ta yi aiki a asibitin soja ba, kuma kasuwanci ne ya riƙe masaukinta. Wasu kuwa suna cewa ƙofar asibitin ce aka rufe mata, kuma da ribar kantin take sayen maganin da take bayarwa. Abin da tarihi ya tabbatar shi ne ayyukan matan biyu sun bambanta. Nightingale ta gyara tsarin asibiti, ta kafa makarantar koyon jinya a 1860. Seacole kuwa ta ɗauki ilimin da matan Jamaika suka gada daga iyayensu mata, ta kai shi bakin daga da kuɗinta, sojojin da ta yi wa jinya suka shaida amfaninsa.

Tambayoyin Bita

1. Bayyana matsayin 'yantattu masu jinin Afirka a Jamaika lokacin ƙuruciyar Mary Seacole.
2. Waɗanne abubuwa ne suka shirya ta ga aikin da ta yi a Kirimiya?
3. Kawo hujjojin ɓangarorin biyu a muhawarar da ake yi game da matsayinta a tarihin aikin jinya.