Waliyyi Patrick, Bawan Da Ya Koma Wa Iyayengijinsa

Daga wakilinmu na Maiduguri

Duk wanda ya zauna Maiduguri ya san babbar majami'ar 'yan Katolika mai sunan Waliyyi Patrick. Kowace shekara ran 17 ga Maris ake tunawa da shi, kuma ranar ba ta taɓa faɗuwa wajen kwana 40 ɗin azuminsu ba, wanda ke farawa ran Larabar Toka, ya kai su bikin Ista. To, wane ne wannan mutum?

An haifi Patrick a Birtaniya wajen ƙarshen ƙarni na 4, zamanin mulkin Rumawa. Ubansa Kalfurniyus mai hali ne, kuma ma'aikacin coci, amma yaron bai damu da ibada ba. Yana kamar shekara 16 mahara suka kama shi, suka ƙetare teku da shi zuwa Ailan, ya zama bawa. Aka ba shi kiwon dabbobi a daji, ga sanyi ga ruwa, ba uwa ba uba, ba mai jin harshensa.

A nan fa ya tuna da Ubangijinsa. A littafin da ya rubuta da tsufansa ya faɗi cewa yakan yi addu'a har sau 100 da rana, da dare ma kusan haka, yakan tashi tun kafin asuba, yana kuma yawaita azumi. Bayan shekara 6 ya ji murya cikin mafarki cewa jirginsa ya shirya. Ya gudu, ya yi tafiyar mil 200 har bakin teku, da ƙyar matuƙa suka yarda suka ɗauke shi.

Da ya sadu da danginsa suka roƙe shi kada ya sake barinsu. Wani ne da sai ya ce shi da Ailan haihata haihata. Amma sai ya sake mafarki mutanen ƙasar suna kiransa. Ya yi karatun addini, aka naɗa shi bishop, ya koma wajen waɗanda suka bautar da shi, bisa ga al'ada a 432. Ya sha ɗauri da kwace, bai fasa ba. Da wani shugaban mayaƙa mai suna Korotikus ya kashe sababbin mabiyansa, ya kwashe wasu bayi, Patrick ya rubuta wa sojojinsa wasiƙa mai zafi, don shi ya san ɗacin bauta.

Mutanen Ailan suna ba da labarin cewa ya yi azumin kwana 40 bisa wani dutse a yammacin ƙasar, wanda har yau ake kira da sunansa, masu ziyara suna hawansa, wasu ma ba takalmi. An fi cewa ya rasu ran 17 ga Maris 461.

Fadawa 'yan Ailan na ƙungiyar Waliyyi Agustin su suka kafa aikin Katolika a Barno. An keɓe yankin Maiduguri a 1953, ya sami bishop na farko, Timothy Cotter, a 1966. Tun 1961 kuwa 'yan Katolika suka ɗauki Patrick waliyyin Nijeriya.

A lokacin azumi 'yan Katolika kan rage ci, su bar nama ran Jumma'a, su bi Hanyar Gicciye, su yi sadaka, su nemi gafarar zunubi. Barin nama mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne abin da Patrick ya yi, watau yafe wa wanda ya cuce ka har ka nema masa alheri. 'Yan'uwa mazauna Agege da Sabon Ibadan da Shagamu, ku kun san zafin baƙunci. Haƙuri dai maganin zaman duniya. Allah ya mai da kowa gida lafiya, amin.